Man Gyaɗa a Injin Lori

Litinin, 3 ga Afrilu, 1944

Yau na sake tashi sama. Daga kan rumbu na kama hanya, na sauka cikin tukunyar daddawar matata Batulu. Fukafukan da na yi da tabarma sun yi nasu, ni ne na yi nauyi. Mamuda mai ɗori ya ce targaɗe ne mai muni. Batulu ba ta tambayi ƙafa ba, tukunyarta ta tambaya. Mas'uda kuwa, 'yar da na haifa da cikina, ta ce, "Baba, ai kazarmu ta fi ka nisa."

Laraba, 5 ga Afrilu

Zaman zaure, ƙafa a miƙe. Na ɗauko tsohon littafin gareji ina cika sauran shafukan da bokona na aji biyu.

Shekara goma sha ɗaya ina babban makanikin garejin hukuma a Kazaure. In lori ya mutu a Gwiwa, doki ake aiko mini. "Na'Allah mai magana da ƙarfe," haka ake kirana. Sai jiragen yaƙi suka fara wucewa ta kanmu zuwa Kano, ni kuma kaina ya ɗau zafi. Na yanka tamfol ɗin lori, na ɗaura wa keke, na gangaro daga dutse a Roni ranar kasuwa. Rabin gari sun ga faɗuwata, sauran rabin sun ce sun gani.

Da Baturen ayyuka ya tambayi wa ya yanka tamfol, Mele ne ya ce, "Maigida ne." Mele, da na koya wa aiki shekara bakwai, na je neman aurensa da rawanin aro. Aka kore ni, aka ba shi wurina. Shekara biyu ke nan ban amsa gaisuwarsa ba.

Asabar, 8 ga Afrilu

Injin lori ya buga a hanyar Babura, ɗauke da buhunan gyaɗa. Lorin hukuma guda ɗaya tal. An buɗe an tarar da man gyaɗa ya daskare ciki kamar ƙaro. Mele na hannun 'yan doka.

Na yi dariya. Ba ta yi daɗi ba.

Talata, 11 ga Afrilu

Hajja Kaka, mahaifiyar Mele, ta zo da hantsi. Ta ƙi tabarma, ta zauna a ƙasa.

"Malam Na'Allah, an ce shekara za su ɗaure shi. Matarsa wata takwas gare ta."

Na ce, "Hajja, ni yanzu tsuntsu ne, ba ruwana da mota."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni ban san inji ba. Amma na san yaron nan ko yadda yake murza goshi a wurinka ya ɗauka."

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa. Da yaƙi ya hana baƙin mai zuwa, ni na ƙirƙiro dabarar. A tafasa man gyaɗa, a tace sau uku a farin ƙyalle, a zuba. Ya yi mana aiki, kuma na koya wa Mele haka. Abin da ban koya masa ba shi ne duk kwana bakwai sai a juye man tun inji na da zafi, a wanke cikin da kananzir. Ni kaɗai nake yin wannan, ranar Juma'a, bayan na aike shi kasuwa. Bana ne mai ya sake yankewa, Mele ya tuna dabarar, ya yi iyakar abin da ya sani.

Haka muka tarar. Maigidana na Kano ya rasu da nasa sirrin. Kowane maigida yakan riƙe wani abu, don yaro ya riƙa dawowa gaisuwa. Mele ya yi ta dawowa. Ni ne na riƙa juya masa ƙeya.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Na hau jakin maƙwabci na je inda ake tsare da Mele, wai in ga yadda ya rame. Ya rame.

Ya durƙusa. "Maigida, ya ƙafar?"

"Ta fi injinka lafiya, Babarbare."

Ya yi murmushi, sannan ya ce, "Wallahi sau uku na tace. Har na ƙara na huɗu. Ban san inda na yi kuskure ba."

Na kama duban bango.

Ɗan dokan da ke tsaronsa ya faɗa mini a waje cewa Bature ya yi ta tambayarsa wa ya koya masa, shi kuwa Mele yana cewa dabararsa ce. Na koma na ce masa, "Kai wawa ne?" Ya ce, "Na faɗi sunanka sau ɗaya, Maigida. Ya isa."

Lahadi, 16 ga Afrilu

Zafi. Ban ci tuwo ba. Batulu ta ce ko in tashi sama ne nake rage nauyi.

Litinin, 17 ga Afrilu

Saƙo daga gareji. Bature ya ce in na iya tayar da injin, a mayar da ni wurina, a manta da tamfol.

Batulu ta yi guɗa a tsakar gida. Ta ja ni ta nuna mini cikin rumbu, geron bai kai gwiwa ba, damina kuma da saura. "Malam, don girman Allah wannan karon ka zauna a ƙasa. Wanda ya tona ka, Allah ya tona shi, kai me naka?"

Gaskiyarta. Abin da nake roƙo shekara biyu ke nan. Na ɗauko sifanonina na kanikanci na goge su ɗaya-ɗaya, na mayar.

Alhamis, 20 ga Afrilu

An zauna gaban alƙali, Bature a gefe kan kujera da tafintansa. Ba wanda ya kira ni. Na shiga da sanda ina ɗingishi, mutane suka fara dariya tun kafin in buɗe baki. Wani ya ce, "A ba shi hanya, zai sauka."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni na koya masa zuba man gyaɗa. Na kuma ce masa umarnin hukuma ne." Wannan na biyun ƙarya ce, Allah ya yafe mini. Na gode Allah mai iƙirari ba a ba shi Alƙur'ani ya rantse.

Mele ya zabura, "Bai taɓa cewa..."

Na ce, "Rufe mana baki, manya na magana!"

Sannan na faɗi maganar wankin kwana bakwai, na ce da gangan na ɓoye. Nan kam ba ƙarya. Dariya ta ɗauke. Mele ya juyo ya dube ni. Da ma zagina ya yi.

Wata uku aka yanke mini. An ba mai unguwa lamunina zuwa farkon wata, ƙafa ta ɗan taku. An sallami Mele, don ba wani mai gyaran injin kuma.

Asabar, 22 ga Afrilu

Batulu ba ta yi mini magana, sai dai ta ajiye kwano da ƙarfi. Mas'uda ta tambaya ko a gidan yari ana barin mutum ya yi barkwanci. Na ce sai na tambayi yari.

Hajja Kaka ta aiko da dambu. Mele bai zo ba.

Laraba, 26 ga Afrilu

Bai zo ba. Ina jin bugun guduma daga gareji. Yana dukan wurin da bai kamata ba.

Lahadi, 30 ga Afrilu

Ya zo bayan la'asar, hannu duk baƙin mai. Ya gaishe ni a taƙaice, ya zauna can bakin ƙofa.

"Maigida, saura nawa?"

Na ce, "Kwana? Gobe ne."

"Abin da ka ɓoye. Saura nawa?"

Na nemi abin dariya ban samu ba. Na lissafa a yatsa. Biyar.

Biyu na samu na nuna masa kafin magariba, ina zane a ƙasa da tsinke. Hannunsa ya fi nawa yanzu, ban faɗa masa ba. Da zai tafi ya ce zai riƙa kawo wa Batulu gero. Na ce Batulu ba ta cin geron Barebari. Daga cikin gida ta ɗaga murya ta ce tana ci.

Gobe da hantsi ɗan doka zai zo. An ce ranar Juma'a ana barin baƙi su tsaya bakin ƙofar gidan yari. Na ce wa yarona Mele ya zo da takarda da fensir.

Saura uku.