Kalmar da ke Saman Ƙofar Ɗakin Mata

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa ta girmamawa daga Gusau, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Edita ya ce in rubuta shafina na wannan mako a kan kalmomin Turanci da suka samo tushe daga “gune”, wato mace a harshen Girkanci. Na san su. Akwai misojini, ƙin jinin mata. Akwai gainaki, mulkin mata. Akwai gainakoloji, ilimin cututtukan mata, wanda ma’aikatan asibiti ke taƙaitawa su ce gaini. A nan alƙalamin ya tsaya, sai na ga ke nake rubuta wa.

Gaini ita ce kalmar da ke saman ƙofar da na kai ki a asibiti, ranar da na ɗauko ki daga Kucheri. Kin tambayi abin da aka rubuta, kina kallon bango kamar yadda kika saba in za ki yi mini magana. Na ce ɗakin mata ne. Kika ce, “To mi wanga yaro ka nema ciki?”

Ni ne ɗanki na fari. Ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa cin abinci a gabana ba. Ban taɓa ganin laifin hakan ba, haka na taso na tarar.

Likitar mutumiyar kudu ce, mai haƙuri, amma Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Ma’aikaciyar jinyar da ke yi mata tafinta tana ɗakin tiyata. Shi ya sa na shiga. Likitar ta tambaya ko kina ganin jini bayan al’ada ta daɗe da ɗaukewa. Na mayar miki da tambayar cikin Hausa, idona a ƙasa. Kika ja mayafi kika ce, “Ciki ne kawai.” Na fassara daidai, ban ƙara ba, ban rage ba. Aikina ke nan.

Ta so ta duba ki, kika ƙi. Ta ce a dawo a yi hoto, kika ce sai an gama yankan gero. Da muka dawo, a hannu muka ɗauko ki.

Bayan sadakar bakwai Asabe, ƙanwarki da ke yi miki wanki, ta gaya mini tun kafin damina take wanke zannuwanki masu jini a ɓoye. Na ce mata na gode. Na koma ofis na gyara labarin farashin taki. Har yau ban yi kuka ba, Inna. Ina ci, ina barci, ina sa waƙafi inda ya dace.

Abin da ya sa na rubuto shi ne Hadiza, autarki. Mijinta ya kira ni daga Bungudu, ya ce ta rame, kuma in an tambaye ta sai ta ce ciki ne kawai.

Na kira ta na ce mu je asibiti, ta ce ba za ta je ba. Na ce matata Maryam ce za ta shiga da ita, ita za ta yi tafinta, ni ba zan ji komai ba. Sannan ta ce in dai Yaya zai tsaya waje, za ta je. Ranar Alhamis zan ɗauko ta. Zan zauna a benci ƙarƙashin wancan allo na saman ƙofa, har su fito.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa ciwon da kika ɓoye ya zama kaffara, Ya haskaka makwancinki. Ya buɗe bakin Hadiza a gaban likita.

Naki,
wanga yaro.