Katako Huɗu a Zauren Yaya

Litinin, 19 Mayu 2025
Tsagar rufin zaure ta ƙaru. Makon jiya tsinken ashana ke shiga, yau yatsana ya shiga. Idris, maginin nan ɗan Ghana, ya kafa katako huɗu ƙarƙashin bene, ya bar takarda da Ingilishi, ya tafi Kumasi. Ni aka miƙa wa, wai ni na yi boko. Da Faransanci na yi shi. Ban faɗa ba.

Talata, 20 Mayu
Na sayi tsohon ƙamus a bakin kasuwar Treichville. Support: duk abin da ke ɗauke da nauyi, har ginshiƙin da aka gina da gida. Prop: tokara daga ƙasa, ta ɗan lokaci. Brace: ƙarfe ko katako da ke hana abu karkacewa. A takardar, Idris ya ce namu prop ne, kada a taɓa kafin a yi brace. Ko ni ne ban gane ba? Na karanta sau shida.

Laraba, 21 Mayu
Ruwa tun safe. Garin siminti daga rufi a kan tabarmar salla.

Alhamis, 22 Mayu
Yaya Mijinyawa ya dawo daga mahauta, ya ce a cire katakon kafin sunan ɗansa ranar Lahadi. Mahautan unguwar Adjamé duka za su zo, ba za su tarar da gidansa a kan sanduna kamar rumfar awaki ba. Mata a sama, maza a zaure, yadda Baba ya saba. Mata sittin, da tukwane. Inna a cikinsu.
Na fara yi masa bayanin prop da support. Ya yi dariya: "Malam Ƙamus, duk ba riƙewa ba ne?"
Na ce to.

Juma'a, 23 Mayu
Wayar Idris a kashe. Ban iya cin komai ba.

Asabar, 24 Mayu
Yaya ya kawo ma'aikata biyu da guduma. Na samu kaina zaune a gindin katakon tsakiya. Ya ce in tashi. Ban taɓa musa masa ba, shekara arba'in da ɗaya.
"Yaya, sai dai a cire da ni."

Lahadi, 25 Mayu
Katako huɗu na nan. An yi suna a tsakar gidan maƙwabta. Yaro Yazid. Yaya bai dube ni ba ko sau ɗaya.
Gobe zan nemo wani magini. Ban nemi izinin kowa ba.