Fuskar da Waya Ta Ƙi

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Wayata ta ƙi ni. Tun da ɓarin fuskata na hagu ya shanye sai yau na gwada shiga shafin ma'aikata. Na ɗaga ta saitin fuska, ta ce ba ni ba ce. Na koma bakin taga inda haske yake. Ba ni ba ce dai.

Abin takaici, bara da aka haɗe mana komai a ƙofa ɗaya, ni na fi kowa murna a ɗakin malamai. Babu sauran haddace lambobin sirri: ka nuna fuska, makin ɗalibai ya buɗe, neman hutu ya buɗe, inshorar asibiti ta buɗe. Ban taɓa tunanin ranar da ƙofar za ta rufe ba.

Laraba, 18 ga Yuni

Asibiti. Mai ba da magani ta ce sai na shiga ta waya na tabbatar ni ce. Ga ni tsaye a gabanta, ta san ni, ƙanenta ma ni na koyar. Ta ce, "Malama Zahra'u, wallahi ba daga ni ba ne." Na dawo babu maganin ɗigawa, idon kuma ba ya rufuwa, sai raɗaɗi.

Alhamis, 19 ga Yuni

Hedimasta ya kira. In ban nemi hutun jinya ta shafin ba kafin ƙarshen wata, sunana zai faɗa cikin waɗanda suka gudu daga aiki. Na ce ya rubuta da hannu mana. Wai an daina karɓa.

Lahadi, 22 ga Yuni

Na ja kumatun sama da yatsa ko wayar za ta gane ni. Ta ce in cire hannu. Ta ce in yi murmushi. Da me?

Talata, 24 ga Yuni

Yaya Jidda ta zo daga Kalgo. Ta ce akwai ofishi can da ake sabunta rajista, a ɗauki hoton fuska sabo. Na ce ba ni zuwa. In aka ɗauki wannan fuskar, ita ce ni ke nan a ko'ina. Likita ya ce wataƙila ta koma daidai, in jira. Yaya ta ce, "Aikin zai jira ki? Idon fa?" Na yi mata tsawa. Ko tsawar ma a karkace ta fito. Ta ajiye kayanta a gefe ta ce nan za ta kwana.

Ya Allah, ban san yadda zan yi ba.

Juma'a, 27 ga Yuni

Mun je. Ruwa ya ɓata hanya, mota na ta wujijjiga mu. Ma'aikacin, Malam Ɗalha, ya duba zanen yatsuna, ya yi daidai. Ya ce in kalli kyamara. Na ce, "In ta warke fa?" Bai ɗago ba ya ce, "Sai ki dawo mu sake, Malama. Ba ke ce ta farko ba."

Ban kalli hoton ba. A mota na gwada wayar, nan take ta buɗe. Na nemi hutun, sannan na yi kuka har muka iso gida Gwandu, Yaya na riƙe da hannuna.

Asabar, 5 ga Yuli

An sami magani, raɗaɗin ya ragu. Fuska tana nan yadda take.

Yau suna a Malisa, ɗiyar ƙanen Baba ta haihu. Na je ne kawai don kada a yi magana. Da aka ce mata su taru a yi hoto ina riƙe da jaririyar, babu damar tashi. An turo mini ɗazu. Bai yi kyau ba, hasken ma bai isa ba. Ban dai goge ba tukuna.