Ranakun Shirunka

Nu'aija, Doha

Baban Nana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, babu gidan wayar da ke kaiwa inda kake. Amma kai shaida ne, na daɗe da sabawa da yi maka magana ba ka amsawa, don haka wannan ba baƙon abu ba ne a wurina. Bambancin kawai, da can kana gyaɗa kai.

Maganar Nana ce ta sa na ɗauki biro. 'Yarka tana so ta bi sawunka, gobe za a gwada muryarta, ni kuma na rasa wanda zan yi shawara da shi. Amma bari in fara ba ka labarin gida tukuna, kada ka ce ko gaisuwa ban iya ba.

Inna tana nan a Zariya, ƙafar ce dai ke damunta. Har yau idan maƙwabta suka zo takan ce ɗanta malamin makaranta ne a ƙasar Larabawa, a can Allah Ya karɓi abinSa. Ban taɓa gyara mata ba. Ai ba ƙarya ta yi ba, ka koyar. Rabin da za ta iya ɗauka ta ɗauka, ta bar sauran. Ta yaya za ta yi wa matan layinsu bayanin opera, wasan kwaikwayon da ba a magana a cikinsa, komai sai an rera, har mutuwa? Ta ce musu ɗan ladan, jikan ladan, ana shafa masa hoda a manna masa gemu, ya hau dandamali ya yi ta ruri da Italiyanci? Mutanenmu na nan kuma, direbobi da masu gadin unguwar masana'antu ta Sanaiya da suka ɗauke ka a kafaɗa zuwa makabarta, suna leƙo mu jefi-jefi ranar Juma'a. Har yanzu Malam Mai Ɗaurin Wuya suke ce maka, saboda ƙyallen nan da kake naɗewa da shi ko da rana na narka kwalta. Babu wanda ya taɓa jin waƙarka a cikinsu, amma sun ce ba su taɓa ganin mutum mai kawaici irinka ba. Na bar su a haka.

Ni ina nan a asibiti wajen ba da magani, ba mu tashi daga gidan ba. Ranar da ake ƙwallo ihun filin wasa na shigowa ta taga kamar kullum, yanzu ba na rufewa. Kwanan baya wani gidan wasa na Turai ya aiko yana tuna maka da alkawarin da kuka ƙulla tun kana da rai, wai a tabbatar musu da ranar isowarka. Na manta cewa a sana'arku tun shekaru kafin lokaci ake kama mutum. Ni na ba su amsa.

Ka tuna ƙananan garuruwan nan na Jamus da muka zauna, waɗanda har yau ban iya faɗin sunansu ba? Akwatinka bai taɓa hutawa ba. Yau gwaji a nan, gobe gwaji a can. Ka shiga jirgin ƙasa da baƙar kwat ɗinka a leda, ka je ka tsaya gaban mutanen da ke zaune cikin duhu, ka rera kaɗan, a ce an gode, za a neme ka. Sau nawa aka nema? Shekaru ka yi kana zaman jiran gawon shanu: ka haddace rawar da wani zai taka a wasa kaf, ka zauna a bayan labule da shirinka, in bai kwanta ciwo ba ka dawo gida ba ka buɗe baki ba. Nakan tsokane ka in ce kai kaɗai na sani mai cin abinci da murar wani. Da ka samu shiga kuma, muryarka mai kauri ce, ta can ƙasa, mai irinta ba a ba shi rawar saurayi. Kullum kai ne uba, ko sarki, ko tsohon da ke tsine wa 'ya'yansa. Kana ɗan shekara talatin aka fara shafa maka furfura. Na ga tsufanka sau da yawa a dandamali, har na san yadda zai zauna maka. Ashe rabona da shi ke nan.

Da na samu aiki a Doha ka yarda muka taho, ka kama koyarwa, kana fita waƙa idan an gayyace ka. Ka ce saboda yarinya ta samu wuri ɗaya ta girma. Ban taɓa yi maka godiya a kan wannan ba, alhali na san a ranka kana jin kamar an sauke ka daga mota ne kafin a kai tasha. Na gode, Baban Nana.

Sai dai duk inda muka je, ranar shiru na biye da mu. Daga jajibirin wasa har ka hau dandamali, ba ka furta ko kalma. Sallama da ɗaga hannu, godiya da murmushi, sauran kuma ka rubuto mini a waya ina zaune kusa da kai. Ba yaji, ba ruwan sanyi, a kashe esi a tsakiyar zafin garin nan mu yi ta jiƙewa. Turaren wutar da aka haɗo mini daga gida ya ƙare a kyauta, don hayaƙi na taɓa maka maƙogwaro. Ka ce murya kamar ruwan randa ce, abin da ka ɗiba da safe ba za ka same shi da dare ba. Na ce to. Mukan fita Corniche, titin bakin teku, da yamma, ni ina ta zuba kamar kanya, kai kana kallon jiragen ruwa kana gyaɗa kai, masu wucewa na ɗauka fushi kake da ni.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Ban taɓa son opera ba, ko sau ɗaya. Nakan zauna a kujerar da ka tanadar mini, in jira mutane su tafa in tafa. Alfahari kam na yi, har ƙwalla, ganin ɗaki cike da jama'a ya yi tsit saboda mijina, ba lasifika ba komai. Amma wannan muryar tasu ce, ta masu tikiti. Tawa ita ce wadda ke tambaya ko an ga silifas, wadda ke cewa miyar ta yi gishiri. Ita nake so, ita kuma aka fi yi mini rowa. An ce shiru ma magana ce, to ni ban taɓa ƙoshi da ita ba. Na yi haƙuri ne ina cewa wata rana za ka yi ritaya, mu zauna ka biya ni hirar da ka tara.

Ranar ma ranar shiru ce. Ka ci abinci bayan azahar, na hango ka a falo hannunka a ƙirji kana jan numfashi a hankali. Sau dubu nawa na gan ka haka? Ai haka kuke yi, ku dafa haƙarƙari ku auna iska. Ni da nake aikin asibiti, da wani na gani a haka da na tashi a guje. Da yake kai ne, sai na ce atisaye kake, har na rage murya don kada in dame ka. Ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa saboda ina suya, kada ƙauri ya bi ka. Da la'asar ta yi na ƙwanƙwasa, ba ka amsa ba, ban kuma damu ba, tunda dama ba ranar amsawa ba ce. Sai da lokacin salla ya fara wucewa na tura ƙofar.

Likita ya ce zuciya ce, ya ce ko da an gani da wuri ba lalle a yi nasara ba. Haka mukan ce wa mutane, na sani. Amma tambaya ɗaya ta ƙi barina. Ka kira ni ban ji ba? Ko kuwa ka ji ciwon, ka ce bari ya wuce, ba za ka ɓata muryar gobe a kan abin da bai kai ya kawo ba? Kai da ake jin ka daga kujerar ƙarshe ta babban zaure, bango ɗaya ne tsakaninmu. Da ka yi ko gyaran murya, da na ji.

Washegari aka kai ka, a ranar kuma aka yi wasan. An ɗauko wani a jirgi ya tsaya a inda za ka tsaya. Tsohon nan mai jagorantar makaɗanku da siririyar sanda a hannu, wanda nake kira Sarkin Makaɗa, ya zo gaisuwa da rana idonsa jawur, da yamma ya sa baƙar kwat ya tafi aikinsa. Na daɗe ina jin haushinsa. Daga baya na tuna kai ma haka ka fara, a gurbin wani, muka yi murna ba mu tambayi halin da matarsa ke ciki ba.

Bayan na fita takaba na shiga neman muryarka. Ta waƙa tana nan birjik, da Italiyanci, da Jamusanci, duk wanda ya so ya kunna. Ta Hausa fa? Na bi wayarka da tawa kaf. Ba ka taɓa aiko mini da saƙon murya ba, kullum rubutu. A bidiyon sallah da na biki kana nan a gefe, kana murmushi, bakinka a rufe. Yanzu idan na rufe ido ina so in ji yadda kake kiran sunana, sai in ji wani sarki yana kuka da harshen da ban sani ba. Kalma ta ƙarshe da ka faɗa mini ma ban riƙe ta ba, tun ana gobe za ka rasu ce, wa ya san ita ce ta ƙarshe?

To ga Nana. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kai ka fara koya mata a falo kamar wasa, bayan ka tafi Sarkin Makaɗa ya ci gaba da sauraronta lokaci-lokaci. Watan jiya ya zo har gida, ya ƙi zama sai da na zauna. Ya ce yarinyar na da abin da ba a koyarwa, kuma wata makarantar waƙa ta Turai za ta turo masu gwaji nan Doha, yana so ya gabatar da ita. Bai yi mini daɗin baki ba. Ya ce hanya ce mai tsawo, da yawa kan shiga kaɗan ke fita, kuma shi kansa yawon sana'ar nan ya sa bai ga girman 'ya'yansa ba. Ya ce ba zai yi komai ba sai da yardata.

Na so in ce a'a. Ina da hujja ma a hannu, in ce me zan gaya wa Inna, me dangi za su ce a kan 'ya mace. Amma ba wannan ne ya tsaya mini ba, kai ka sani. Yarinyar nan ita ce ke cika mini gida da surutu. Tun daga bakin ƙofa take fara labarin makaranta, ta yi mini gardama a kan komai, ta kwaikwayi tafiyarka har in yi dariya ina hawaye. Sai wata safiya na miƙa mata ruwa daga firiji, ta girgiza kai, ta nuna wuyanta, ta yi murmushin nan naka. Na duba sai ga ƙyallenka a naɗe a wuyanta. Na koma kicin na zauna a ƙasa.

Me za ka ce in yi? Kai da ka bar gidan ladan ka bi wannan hanya ba da son kowa ba, na san amsarka. Ni ma na ji ta tana rerawa a ɗaki, kuma duk da ban san abin da take faɗa ba, na san ba ni da ikon rufe wannan bakin. Idan na hana ta, wani shirun za ta yi mini, wanda ya fi wannan muni. Na amince, Baban Nana. Ban yi murna ba, ba zan yi maka ƙarya ba, amma na amince.

Abu biyu kawai na yi. Na farko ba ta sani ba: idan ta ɓalle da surutu nakan danna waya in ajiye a kan tebur. Ina da muryarta tana ƙorafi a kan tuwo, tana neman cajarta, tana kirana Umma daga banɗaki. Ba za a yi mini biyu ba. Na biyu kuwa sharaɗi ne na kafa mata, ta yi shirunta yadda sana'a ta ce, amma a gidan nan ba za ta rufe ƙofa ba. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta dai rungume ni.

Yau ce ranar shirunta ta farko ta gaske. Na kashe esi, ban ɗora suya ba, zufa na ɗiga a kan takardar nan. Ta ci abinci bayan azahar ta shiga ta kwanta. Na jawo kujera na zauna a inda nake hango gadonta, ina rubutu ina ɗaga kai. Hannunta na kan ƙirjinta, yana hawa yana sauka. Gobe zan raka ta, in an tafa in tafa, kuma zan roƙa mata nasara da zuciya ɗaya, alhali na san in Allah Ya amsa tafiya za ta yi. A can garin da ba zan iya faɗin sunansa ba, wa zai zauna mata a bakin ƙofa?

An kira la'asar, bari in je in tashe ta. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa mu a inda babu wasan gobe, ka biya ni hirata.

Taka har kullum,
Rabi, mai yi maka surutu.