Na Huda Rufin Motar Kwananmu

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gajiya, ina iyali? Yaya jikin Inna?

Yaya, hankalina a tashe yake. Motar nan mai ɗaki da muke kwana ciki a nan garin Sentul, na huda rufinta na sa fanka, na ce liƙi sai rani, kamar a gida. Ashe garin nan ba shi da rani! Kullum la'asar sai ruwa. Katifa ta jiƙe, takardun bincikena sun manne. Hauwa ta kwashe yaranmu ta koma wurin ƙawarta, ta ce sai ɗaki ya bushe.

Kai ne mai gyaran bodin mota: wane gam ke kama jiƙaƙƙen ƙarfe? Uku na gwada, ko ɗaya bai kama ba.

A gaida kowa. Inna ta sa ni a addu'a, yini ɗaya babu hadari kawai nake roƙo.

Ƙaninka,
Bashir