Abin da Ubanka Ke Yi a Ɗakin Baƙi

Zuwa ga maigidana Bashar, sojan sama mai gyaran jirage, wanda ya tafi ya bar tsohuwar matarsa ba ko goro.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan Gesse, in ka cire gwiwar nan tawa. Kafin komai ga kacici-kacici, kai da duk masu leƙen wasiƙar da ba tasu ba, tunda an ce a waya za a sa ta. Yana da fiffike biyu, bai taɓa tashi ba. An saye shi sabo dal, an kwashe wata biyu ana wahalar tsufar da shi. Ko ƙuda ba zai iya ɗauka ba, amma ƙato guda ake so ya ɗauko daga nesa. Mene ne? Kada ka yi saurin amsa, na san kanka.

Rubutun nan nawa ne, na ajin yaƙi da jahilci. In ka ga harafi ya karkace, miƙe shi, ai gyara ne aikinka.

Shekara uku ke nan rabonka da magana da ubanka. Ina zaune a tabarma ranar da ya ce gonar shinkafa ta Argungu tana jiranka, ka ce kai jirgi ke jiranka, ya ce to in ka tafi kada ka kira shi. Kai kuma ka riƙe maganar kamar wasiyya. Kana kiran uwarka Kulu, kana kirana, amma da an ce ga shi nan kusa sai sabis ya ɗauke. Ni dai ban taɓa ganin sabis mai gudun mutum ɗaya ba.

Bayan ƙaramar Salla sai mutumin ya canza. Tun da ya yi ritaya, in ya idar da Azahar ƙofar gida yake zama da rediyonsa. Wata rana ya shigo da kwali a ɓoye cikin babbar riga, ya wuce ɗakin baƙi, ya murza makulli. Kulu ta ce wurin wani ɗan kudu mai shago a Nassarawa ya karɓo, daga Ikko aka kawo masa. Da ta tambaye shi, wai likita ne ya ce ya nemi aikin hannu saboda hawan jini. Wane likita ne ke rubuta wa mutum kulle ƙofa?

Ni kuwa ba ni da bakin tambaya. Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kamawa ba, balle in tsare shi da magana. Sai na sa hanci da ido su yi mini aiki.

Hanci ya fara kawo rahoto: wani wari mai hawa kai, ba turare ba, ba fetur ba. Sai ido ya hango kyandir a kunne ta ƙofar taga, da rana tsaka, ga wutar lantarki an kawo. Bayan kwana biyu ya aiko a ba shi gishiri, ba abinci a gabansa. Ban gama juya wannan ba sai ga shi a ƙofar ɗakina, ya durƙusa ya gaishe ni, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, a ɗan sam mini kwalli." Mutum da furfura har gemu. Na miƙa masa.

Sai Kulu ta zo tana raɗa, wai ya ari wayarta, ya kai an wanke masa hotonka babba, wannan da kake tsaye gaban jirgi da kayan aiki. Ta kuma nuna mini tsohuwar rigarka koriya da ka bari a akwati. An yanke mata ƙyalle a baya, da almakashi, tsaf.

Ranar da ya kai ni suna Argungu, muna isa fadama ya tsayar da mota. Ya sauka, ya shiga gonar nan da kuka yi faɗa a kanta, ya duƙa ya ɗebi ƙasa a gwangwanin madara, ya waiga dama da hagu, ya tura aljihu. Ya ɗauka barci nake.

A gidan suna na ja ƙanwata Dije gefe na lissafa mata: hoto, ƙyallen riga, ƙasar gona, gishiri, kwalli, kyandir. Ba ta bari na rufe baki ba ta ce, "Yaya, wanga kiranye na." Ta tuna mini wani ɗan unguwarsu da aka yi wa irinsa yana Kwatano, ya baro kayan sana'arsa a kasuwa ya iso gida da takalmi ƙafa ɗaya, har yau zaune yake yana kallon bango.

Bashar, ina son ka dawo, amma ba da takalmi ɗaya ba. Soja in ya baro wurin aikinsa ba izini, ɗaure shi ake yi, wannan ko ni na sani. Abin da ya fi tsaya mini shi ne a fizgi hankalinka hannunka yana cikin inji, ka bar ƙusa ɗaya ba ka ɗaure ba, ɗan wata ya hau ya tashi da shi. Na ce ko ɗan fari ne, sai na ɓata abin nan.

Ranar Juma'a da ya tafi masallaci na lalubo makullin a cikin tsohon takalminsa, inda yake ɓoye abu tun yana yaro. Na cika buta, na tofe ta da duk addu'ar da na iya, na shiga da bismilla don in kwarara wa ko mene ne.

Ba tukunya, ba ƙaho, ba laya. Teburi ne da jaridu da 'yan kwalaben fenti. A tsakiya ga katako kamar faɗin faifai, an tankaɗe ƙasar gona an manne ta a kai. A kan ƙasar ga jirgin hotonka, sai dai bai fi taƙi ɗaya da rabi ba. Ƙyallen rigarka ya zama tamfol, an rufe wasu 'yan ganguna da shi. Hoton yana jingine da bango.

Amma fa aikin ya ɓaci. Gilashin da matuƙi ke leƙe ya yi hazo, ga shatin babban yatsan ubanka a kai, gam ya kama shi. Gishirin, daga baya na ji, a waya ya ga ana barbaɗawa a shafe da fenti a kankare, don jiki ya nuna kamar ya sha aiki. Shi ya zuba kamar mai gyaran miya, jirgi ya fito da ƙyanda. Kyandir kuwa roba yake narkarwa yana ja ta yi siriri kamar waya. Kwallina ya shafe shi ko'ina, daga baki har jela, kamar yaro ya faɗa murhu.

A nan ya dawo ya same ni, zaune a kujerarsa, buta a gabana. Ya tsaya bakin ƙofa. Na juya na gaya wa bango cewa duk wanda ya yi aikin nan bai taɓa wanke tukunya ba. Baƙi yana zama inda wuta ta bi. Mai yana gangarowa daga inda ya tsiyaye. Fenti yana cinyewa inda hannu da ƙafa ke yawan taɓawa, kamar bakin turmina. Bango bai amsa ba, amma ubanka ya jawo wata kujera.

Muka goge kwallin da auduga. Muka ƙura wa hotonka ido. Na lakato baƙin gindin tukunya da ɗan yatsa na shafa a bututun baya inda wutar ke fita, na ja zirin baƙin mai a ƙarƙashin ciki da tsinken tsintsiya. Shi yana riƙe, ni ina shafawa. Mako uku muna haka bayan Azahar. Tun da na yaye shi ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Ya tambayi butar, na ce ta alwala ce. Bai yarda ba, ni ma ban yarda da likitansa ba.

Jiya ya buɗe kwalin ashana ya fito da wani ɗan mutum, bai kai gaɓar yatsa ba. Fari fat ya zo a cikin kayan. Sau uku yana sake masa fenti. Ya ɗora mini a tafin hannu ya ce, "Inna, ya yi kalarshi?" Na ce ka fi haka muni, amma ya yi.

Komai na kan katakon an manne shi da gam, ban da ɗan mutumin. Ya ajiye shi gaban jirgi, ya ɗauke. Ya kai shi gindin fiffike, ya ɗauke. Na gaya wa bango cewa a manne shi mana a huta. Sai ya ce, "Ban san inda yake tsayawa ba in yana aiki. Ban taɓa tambayarshi ba."

To ka ji. Ni ba zan ce ka baro aikinka ba, ba zan ce ka zo noma ba. Bayan La'asar wayarsa tana aljihunsa, kuma sabis ɗin Gesse lafiyarsa lau, na gwada. Ba sai ka ba da haƙuri ba, shi ma ba zai iya ba, na san irin da na haifa. Ka gaishe shi, ka gaya masa inda kake tsayawa. Kwalbar gam ɗin ta kusa bushewa, mu ma haka.

Allah ya tsare hannunka da hankalinka a bakin aiki, ya sauko da duk wanda ya tashi a jirgin da ka gyara, ya sassauta zukatanku ku biyu, ya sa ina da rai ranar da za ka shiga ɗakin nan ka yi mana dariya. Amin.

Matarka da ba ta yi yaji ba tukuna,
Kakarka Ige.

Amsar kacici-kacicin: jirgin yaƙi ne na roba, yana kan teburi a ɗakin baƙi, bisa ƙasar gonar Argungu. Ubanka ne ya haɗa shi.