Amiba Ta Zubar Min da Girma

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya jikin Maryam? Mu nan Zakirai lafiya, sai tsadar gero.

Cikin alhini nake sanar da kai cewa amiba, halittar da ido ba ya gani, ta zubar min da girma. Kai ka jawo, da littafin da ka aiko wa 'yarka ta wajena, Hadiza.

Tana shirin jarrabawar tallafin karatu, na ga ta rubuta cewa idan amiba za ta rabu biyu, tantanin da ya lulluɓe cibiyarta ba ya narkewa. Wai miƙewa yake, ya tsuke a tsakiya, ya tsinke. Ni kuwa tun ina malamin makaranta nake koyar da cewa narkewa yake. Ta ce, "Baba, ba a kowace halitta ba." Na ce malami ke magana.

Tambayar ta fito, ta rubuta abin da na ce, ta rasa tallafin. Bana kuwa gonar ba za ta kai ta jami'a ba.

Ka san gara ta cinye littattafaina, amma ba ka taɓa aiko min da ko ɗaya ba. Yarinya ka ɗaura wa makami, ka bar yayanka da tsohon allo.

Ka gaida yara, ku sa Hadiza a addu'a. Jiya na karanta littafin. Ita ce da gaskiya.

Yayanka,
Malam Habu